Ɗan Man da Ya Rage a Gida: Bangaskiya da Fita daga Ƙangin Bashi

  Na san a cikinku akwai wanda ya baro gona da ciyawa, akwai wadda ta rufe shago, akwai kuma wanda kuɗin motar da ya kawo shi nan ma rance ne. Allah ya sāka wa kowa da alheri. Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan taro ya kuma ɗora mini batun yau, wato yadda mai bi zai fita daga bashi ta wurin bangaskiya.

Ba zan ce mai bashi ya ɗaga hannu ba. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Kuma kowa a nan ya san irin shekarun da muke ciki. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, daga baya kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin kaya bai sake zama wuri ɗaya ba. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yuli na shekarar, amma kafin Kirsimeti wannan kuɗi ba ya sayen buhun shinkafa ɗaya a kasuwanni da yawa. Saboda haka wanda ya shiga bashi a kwanakin nan ba lalle ne almubazzari ba. Sau da yawa uba ne da aka koro wa yara daga makaranta, ko uwa ce da ke tsaye a bakin ɗakin magani da takardar likita a hannu.

Zan jingina maganata da labari ɗaya, wanda ke cikin 2 Sarakuna sura 4, aya 1 zuwa 7. Wata mace ce mijinta ya rasu, yana cikin ƙungiyar annabawa. Ya bar mata 'ya'ya maza biyu da bashi. Mai bin bashin ya ɗaura niyyar zuwa ya kwashe yaran su zama bayinsa. Ta je ta kai kuka wurin annabi Elisha. Ya tambaye ta abin da ya rage mata a gida, ta ce babu komai in ban da ɗan mai. Ya aike ta maƙwabta ta aro tukwane da tuluna waɗanda ba komai a ciki, da yawa, ta shiga ɗaki da 'ya'yanta ta rufe ƙofa, ta yi ta zubawa. Ta zuba har mazubi ya ƙare, sannan man ya tsaya. Da ta koma wurin annabin sai ya ce ta sayar, ta biya bashin, ita da yaran su ci abin da ya saura. Ayoyi bakwai ne kacal, amma duk abin da zan faɗa yau yana cikinsu.

Na ɗaya: bashi ba shaidar rashin bangaskiya ba ne, amma igiya ce a wuya.

Ku lura da mutumin da ya mutu. Matarsa ta ba da shaida a gaban annabi cewa mai tsoron Ubangiji ne, annabin kuma bai musa ba. Mai tsoron Allah ne, ma'aikacin Allah ne, ya kuma mutu ana bin sa bashi. To, daga ina muka samo wannan ɗabi'a ta cewa duk wanda bashi ya danne, akwai zunubin da yake ɓoyewa? Wa ya koya mana raɗe-raɗin bayan sujada? Ina roƙon mu daina. Mutumin da bashi ya kama yana da isasshen nauyi, ba ya bukatar mu ɗora masa hukunci a kai.

Amma kada wannan ya sa mu ɗauki bashi abin wasa. Littafin Karin Magana 22:7 ya kamanta mai cin bashi da bawan wanda ya ba shi. Harshenmu ma ya san haka. Wanda ya karɓa, cewa muke yi ya "ci" bashi. Wanda ya bayar kuwa "bin" sa yake yi. Abin da aka ci ya wuce cikin yini ɗaya, amma bi ba ya ƙarewa sai ranar biya. Yau ba a zuwa a kwashe yara zuwa bauta, amma ku gaya mini, mutumin da gabansa ke faɗuwa duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara, ɗa ne ko bawa? Wanda ya bar hanyar gidansa ya koma zagaye ta bayan kasuwa don kada mai shago ya gan shi fa? Ga kuma masu ba da rance ta manhajar waya, waɗanda za su ba ka kuɗi cikin minti biyar, in ka yi jinkirin mako guda su aika wa duk lambar da ke wayarka saƙo, har da surukinka da fastonka, suna kiran ka ɓarawo. Abin ya yi muni har hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Legas a 2022. Matasa, da ku nake. Wannan kuɗin da ke zuwa da sauƙi, mutuncinku ne kuke bayarwa jingina.

Na biyu: bangaskiya tana farawa da faɗin gaskiya.

Abin farko da matar nan ta yi shi ne ta buɗe baki. Ta fita daga ɗaki, ta je ta faɗi halin da take ciki ba tare da ragi ba: miji ya mutu, akwai bashi, za a kwashe yara. A nan ne yawancinmu muke faɗuwa, kuma a nan ni ma na faɗi.

Shekarun baya, ina koyarwa a makaranta, mahaifina ya kwanta ciwo na wata da watanni, daga baya Ubangiji ya kira shi. Tsakanin asibiti da jana'iza na ci bashi a wurare bakwai. Ɗaya daga ciki wurin mai ba da kuɗi da ruwa ne, kashi 20 cikin 100 kowane wata. Ku yi lissafin tare da ni. In ka karɓi naira 50,000 a kan haka, kowane wata za ka kai 10,000. Shekara ta zagayo ka kai 120,000, uwar kuɗin kuma tana nan ko kwabo bai ragu ba. Haka na yi ta yi. Ina addu'a kowace safiya Allah ya buɗe hanya, ina azumi, amma ban gaya wa matata ba. Ina tsayawa gaban ikkilisiya in karanta nassi, zuciyata tana can wurin ranar 30 ga wata. Ni kaina ban san jimlar abin da ake bi na ba, domin ina tsoron in haɗa.

Wani dare, an ɗauke wuta, yara sun yi barci, matata ta ajiye fitila a kan tebur, ta kawo littafin rubutu na ɗaya daga cikin yaran, ta buɗe shafin tsakiya ta miƙo mini biro. Ta ce, "Baban yara, ba ka cin abinci, ba ka barci. Rubuta su duka, in gani." Na rubuta suna na farko hannuna yana rawa. Na rubuta na biyu. Da na kai na bakwai na ja layi na haɗa, sai na ga adadin ya fi albashina na wata takwas. Na yi shiru ina jiran faɗa. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce, "To, yanzu mun san girmansa. Mu durƙusa." A daren nan ne na yi addu'ar gaskiya ta farko a kan bashin, domin a daren ne na daina yi wa Allah da iyalina ɓoyo.

'Yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta yaya za ka roƙi Allah ya kawar da dutsen da kai kanka ka ƙi dubawa? Maza, ku gaya wa matanku. Mata, ku ma akwai na anko da na adashen da aka ci aka kasa zubi, ku gaya wa mazanku. Mijin matar nan ta 2 Sarakuna ya tafi ya bar ta da mai bin bashi a bakin ƙofa. Kada waninmu ya bar iyalinsa su fara jin labarin bashinsa a zaman makoki.

Na uku, kuma a nan zan fi daɗewa: Allah yana fara aiki da abin da ke hannunka.

Elisha bai sa hannu a aljihu ba. Bai kuma yi addu'a mai bin bashin ya manta ba, ko takardar ta ɓace. Tambaya ya yi mata game da abin da ke gidanta. Amsarta ta farko ita ce irin tamu: babu komai. Sai daga baya ta tuna da ɗan man. Bashi yana makantar da mutum, ya sa ya ga abin da ya rasa kaɗai. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. A gidanmu ɗan man shi ne keken ɗinkin matata da ya shekara biyu a lulluɓe da zani, da kuma sa'o'i uku na yamma da nake zaman hira a bakin titi. Ta koma ɗinkin kayan makaranta, ni kuma na tara yaran unguwa ina koya musu lissafi. Naka fa? Wataƙila fili ne a bayan gida da zai yi alayyafo da tumatir a rani. Wataƙila hannu ne da ya iya suyar ƙosai, ko gyaran waya, ko kitso. Wataƙila babbar waya ce da za a sayar a sayi ƙarama.

Sai maganar tukwane. Wani zai ce, ai annabin ma aike ta ya yi ta karɓo na mutane. Gaskiya ne, amma Hausa ta bambanta mana abubuwa uku: aro, rance, da bashi mai ruwa. Aro ta yi. Ta karɓi mazubi, abin aiki, wanda za ta mayar yadda ta karɓe shi. Ba ta karɓo man wani ta zuba a miya ba. Wanda ya ari garma ya yi noma daban yake da wanda ya ci bashi ya yi ɗinkin Kirsimeti. Kafin ka karɓi kuɗin kowa, tambayi kanka: wannan abin zai haifi abin da zai biya kansa, ko cinye shi za a yi? Kuma ku lura, man bai tsaya ba sai da mazubi ya ƙare. Gwargwadon gidajen da ta daure ta shiga ta yi sallama, gwargwadon abin da ta samu. Da kunya ta hana ta wuce gida biyu, da tukunya biyu ta cika.

Ta kuma rufe ƙofa, ita da 'ya'yanta. Aikin fita daga bashi na cikin gida ne, ba mai ganinsa, ba mai tafa maka. Yaran suna miƙo tukwane tana zubawa. Ku sa 'ya'yanku a ciki. Yaron da aka zaunar aka gaya masa cewa bana ba sabon takalmi saboda muna biyan bashi, ya koyi abin da makaranta ba za ta koya masa ba.

Sannan umarnin ƙarshe, wanda ya zo da tsari: ta sayar, ta biya, sannan su ci saura. Biya ya riga ci. Allah ya yi abin al'ajabi, amma bai soke haƙƙin mai bin bashin ba, ko da yake mutumin marar tausayi ne. Zabura 37:21 ta sa wanda ke cin bashi ya ƙi biya a layin mugaye. Bulus kuma a Romawa 13:8 bai yarda wani bashi ya zauna a kanmu ba in ban da na ƙauna. Don haka duk wanda ya ce maka bangaskiya za ta sa bashinka ya ɓace ba tare da ka biya ba, ba daga wannan Littafi ya samo ba.

Ga yadda muka yi, ko zai amfani wani. Mun fara da mai ruwa, domin shi ne ke girma muna barci. Duk abin da keke da darasin yamma suka kawo, can ya tafi, har muka kashe uwar kuɗin. Sauran shida kuwa na bi su ɗaya ɗaya da ƙafata. Yesu ya koyar a Matiyu 5:25 cewa mutum ya nemi shiri da mai ƙararsa tun suna hanya, kafin a kai gaban alƙali. Akwai wani Alhaji mai shagon hatsi a unguwarmu da na yi wata huɗu ina kauce wa. Na je na tsaya a gabansa na ce, "Alhaji, na yi maka laifi. Ba ni da kuɗinka duka, amma ga abin da zan iya kawowa kowane wata." Ya dube ni ya ce, "Malam, ba kuɗin ne ya dame ni ba, gudun da kake yi ne." Ya karɓa, bai ƙara ko sisi ba. Ku tuna, maƙwabtanmu Musulmi da muke ciniki da su ba sa zuwa su ji wa'azinmu ranar Lahadi. Littafin bashin shagonsu suke karantawa, a nan suke ganin ko mu masu alkawari ne. Wata goma sha tara muka yi kafin mu ja layi a kan suna na bakwai.

Na huɗu: akwai abin da ake kira bangaskiya alhali ba ita ba ce.

Zan faɗi wannan a fili domin yana cin mutanenmu. Ana tara masu bashi a ce su "shuka iri", su kawo kuɗi mai tsoka domin Allah ya soke bashinsu cikin kwana bakwai. Har akan ce in ba ka da shi ka ranto. Ku duba labarinmu da kyau: nawa Elisha ya karɓa a hannun gwauruwar nan? Ko ɗigon man bai taɓa ba. A sura ta gaba ma, da Na'aman ya kawo masa dukiya bayan ya warke daga kuturta, ƙi ya yi. Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 8:12 ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Kuɗin da ka ranto ba naka ba ne. Ni ban ce mai bashi ya rufe hannunsa ga Allah ba, mu ma ba mu rufe ba ko a watannin da suka fi tsanani. Ka bayar daga guminka, da farin ciki, daidai ƙarfinka. Amma Allah ba ɗan kasuwa ba ne da za a ba shi dubu ya mayar da dubu goma.

Wannan son a wayi gari a ga kuɗi shi ne ya kai dubban mutane cikin damfarar zuba jari ta MMM, har da masu bi da yawa, kafin a rufe asusun mutane a watan Disamba 2016, ana gab da Kirsimeti. An yi kuka, an ce an koyi darasi. A watan Afrilu 2025 sai ga wata irinta, CBEX, ta sake kwashe na waɗansu. Haka cacar ƙwallo da ke cikin wayar yaranmu. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ko an shafa masa man addu'a.

Na biyar, a taƙaice: ramukan da muke haƙa wa kanmu.

Ba duk bashi ne na asibiti da makaranta ba. Akwai na biki, inda ake ɗaura aure ranar Asabar, amarya da ango su shiga ɗaki da bashin shekara biyu. Akwai na jana'iza, kuma wannan na san shi a jikina: a ajiye gawa makonni ana biyan kuɗin ɗakin sanyi, a yi anko, a yanka saniya, a ciyar da gari, alhali marigayin yana kwance a asibiti ba a sami rabin wannan kuɗi an saya masa magani ba. Wa muke girmamawa, shi ko idon jama'a? Akwai kuma tsaya wa wani. Karin Magana 22:26 da 27 ta yi kashedi cewa mai ɗaukar lamunin bashin wani yana iya rasa har gadon da yake kwanciya. In ba za ka iya biya a madadinsa ba, kada ka sa hannu. Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da wadar zuci a cikin samu da rashi. Koyo ya ce ya yi, wato ba da ita aka haife shi ba. Mu ma za mu iya koya.

Na shida: magana ga masu bin bashi, da ga ikkilisiya.

A ɗakin nan ba masu cin bashi kaɗai ke zaune ba. Akwai waɗanda ake riƙe wa kuɗi, kuma Littafi Mai Tsarki ya yi musu magana fiye da yadda muke wa'azi a kai. Shari'ar Musa ta hana karɓar ruwa daga matalaucin da ke cikin jama'a. Ta ce in ka karɓi mayafin mutum jingina, ka mayar masa kafin rana ta faɗi, domin da shi zai rufa. Wannan yana Fitowa 22. A Maimaitawar Shari'a 24 an hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin abin da mutum ke ci da shi ne, an kuma hana mai bin bashi shiga cikin gidan wanda yake bi, sai dai ya tsaya a waje. Dubi yadda Allah ya tsare mutuncin mai bashi! A sura 15 kuma an sa shekara ta bakwai ta zama ta yafe basusuka.

A zamanin Nehemiya, ana tsakiyar ginin garun Urushalima, talakawa da matansu suka ta da murya. Yunwa ta sa sun jinginar da gonaki da gidaje don su sami hatsi, waɗansu sun ci bashi don biyan harajin sarki, har 'ya'yansu mata sun fara shiga bauta, kuma a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. Nehemiya ya tara babban taro, ya tsawata wa manya ido da ido, ya sa suka yi rantsuwa a gaban firistoci za su mayar da gonakin. Yana sura 5, ku karanta a gida. Yanzu in tambaye mu: ɗan'uwan da ke ba manomi buhu ɗaya a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, don ya karɓi biyu da kaka, sannan su zo su ci Jibin Ubangiji a layi ɗaya, me Nehemiya zai ce masa? Gonakin da ke hannunka na jingina shekara goma, ka ci amfaninsu ya ninka kuɗinka, ba lokacin mayarwa ya yi ba?

Kun san misalin da Yesu ya ba da a Matiyu 18, na bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000, shi kuma ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, don haka dinari 100 aikin wata uku da 'yan kwanaki ne. Talanti ɗaya kuwa ya kai dinari 6,000, kusan aikin shekara ashirin. Ku ninka wannan sau 10,000. Bashin da aka yafe mana ke nan. Kolosiyawa 2:14 ta kwatanta shi da takardar bashi da aka kafa a kan gicciye aka soke. Wanda ya gane wannan ba zai iya kai gwauruwa ofishin 'yan sanda a kan kuɗin buhun masara ba. Ban ce kowane bashi a yafe ba. Wani a ƙara masa lokaci, wani a cire masa ruwa, wani kuma, wanda ka san ko ya sayar da kansa ba zai iya ba, ka kira shi ka yaga takardar a gabansa.

Kada wani ya ce waɗannan dokoki na zamanin da ne, ba sa aiki yau. Daga shekarar 'yanci ta Littafin Firistoci 25 ne ƙungiyar Jubilee 2000 ta samo sunanta, kuma ikkilisiyoyi ne ƙashin bayanta. A watan Mayu 1998 mutane kusan 70,000 suka riƙe hannun juna a birnin Birmingham na Ingila, inda shugabannin manyan ƙasashe takwas ke taro, suna neman a yafe wa ƙasashe matalauta bashi. Matsin nan yana cikin abin da ya sauya tunanin duniya a kan batun. A 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Nijeriya kusan dala biliyan 18 cikin kusan biliyan 30, ƙasar ta biya sauran kusan biliyan 12, aka kammala a 2006. A Jamus kuma, wani magajin gari mai bi, Raiffeisen, da ya ga yadda masu ba da kuɗi da ruwa ke cinye manoman ƙauye, ya kafa musu ƙungiyar ajiya da rance a 1864, kuma har yau akwai bankuna masu sunansa.

Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Iyayenmu mata sun riƙe adashe tun kafin banki ya zo garuruwanmu, kuma Zumuntar Mata ta biya kuɗin makarantar yara da yawa da ke zaune a nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar 2 Sarakuna ta sami maƙwabta masu ba da aron tukunya, shi ya sa al'ajabin ya sami wurin zuba. Saboda haka, Baba Rabaran da dattawa, da girmamawa ina kawo roƙo uku. A zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙon asiri da sanin lissafi, mace da namiji, waɗanda mai bashi zai iya zuwa wurinsu da littafinsa ba tare da labarin ya fita ba. A kafa asusun rance marar ruwa, na jari da na asibiti, da rubutu da shaidu, ana karanta lissafinsa a gaban ikkilisiya. Sannan majalisa ta sa iyaka a kan hidimar jana'iza da biki, domin talaka ya sami abin fakewa, ya ce ikkilisiya ce ta hana. Lokacin da Bulus ya mayar da Onisimas wurin Filimon, cewa ya yi in akwai abin da ake bin yaron a ɗora a kansa, shi zai biya, ya kuma rubuta da hannunsa. Irin wannan ikkilisiya nake roƙon mu zama.

Na san akwai wanda ke zaune a nan da nasa ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba, wanda wata goma sha tara ba za su ishe shi ba. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ba ni da ranar da zan ba ka, kuma ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Abin da nake roƙonka shi ne yau da dare, bayan yara sun kwanta, ka nemi littafi da biro, ka kira abokin zamanka, ku rubuta sunayen duka ku haɗa, ku durƙusa a kai. Gobe da safe ka je wurin mutum na farko da ƙafarka.

Baba shugaban zama, na ci lokaci fiye da yadda aka ba ni, a gafarce ni.  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, wanda kuma tambayarsa ba ta faɗuwa a bainar jama'a ya rubuta a takarda ba suna, ya miƙa wa masu hidima, zan amsa gwargwadon abin da Allah ya ba ni. Ubangiji ya albarkace ku.